Maharbi, bishiya ko bauta: Daga ina sunan Bauchi ya samo asali?

Daga shekarar 1914 zuwa 1957, akwai wani ƙaramin jirgin ƙasa da ke tashi daga Zariya, ya bi ta Rahama, ya hau kan tsaunuka har ya dangana da Jos da Bukuru. Turawan mulkin mallaka ne suka shimfiɗa siririn layin domin jigilar kuza, suka kuma raɗa masa suna layin dogo na Bauchi. A tsawon shekara 43 da ya yi yana kai da komowa, jirgin bai taɓa shiga garin Bauchi ba, bai ma taɓa dosar hanyar garin ba. Sai a farkon shekarun 1960 mutanen birnin suka ji kukan jirgi a ƙofar gidansu, lokacin da aka ja sabon layi daga Kuru wanda ya isa Maiduguri a 1964.

Waɗanda suka sa wa wancan layi suna ba kuskure suka yi ba. A zamaninsu kalmar Bauchi ta fi birnin faɗi nesa ba kusa ba, kuma kafin zuwansu ta fi haka faɗi. A yau ma'aikacin da ke cike takardar neman aiki ko ta ƙarin girma a Abuja yakan rubuta kalmar a gurbin jihar asali ba tare da ya tsaya tunani ba. Amma da za a tare 'yan jihar su uku a harabar Sakatariyar Tarayya a tambaye su ma'anarta, zai yi wuya bakinsu ya zo ɗaya. Wani zai kawo labarin maharbi, wani ya ambaci bishiya, na ukun kuwa ya rage murya ya ce a wajen dattawa ya ji kalmar tana da dangantaka da bauta. Kowace amsa tana da madogara, kuma saɓanin da ke tsakaninsu ya wuce gardamar masana, domin ya taɓa tarihin zaman tare a jihar da ke da harsuna fiye da 50.

Labarin Baushe maharbi

Amsar da ta fi shahara, wadda yara ke ji a makaranta, maroƙa ke rerawa a fada, ita ce ta Baushe. Labarin ya fara ne da Malam Yakubu ɗan Daɗi, mutumin ƙabilar Gerawa, wanda ya tafi neman ilimi tun yana yaro har ya zama almajirin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo. Cikin manyan waɗanda aka bai wa tutar jihadi, shi ne aka fi sani da cewa ba Bafulatani ba ne. Da ya dawo ƙasarsu ya yi sansani a Inkil, kafin ya shiga neman wurin da zai kafa birni.

A nan ne, in ji masu ba da tarihin baka, ya haɗu da wani maharbi mai suna Baushe wanda ya san dajin ciki da bai. Maharbin ya nuna masa fili a yamma da dutsen Warinje, wuri mai ruwa wanda duwatsu suka yi wa katanga. Yakubu ya ji daɗin shawarar, ya yi alƙawarin sa wa garin sunan mai shawara. A 1809 aka kafa birnin, aka kewaye shi da ganuwa mai tsawon kimanin kilomita 10. Sunayen ƙofofinta, irin su Wunti da Ran da Nasarawa da Jahun da Inkil da Tirwun, suna nan a bakin jama'a har gobe, ko da yake yawancin ganuwar ta zube. Yakubu ya yi mulki har zuwa rasuwarsa a 1845, kuma shi ne ya tare rundunar Shehu Muhammadu al-Kanemi na Borno a 1827 lokacin da ta doshi Kano.

Babu wanda ya isa ya ce ba a yi Baushe ba. Sai dai masana tarihi kan yi taka-tsantsan da irin wannan labari, saboda kusan kowane tsohon birni yana da nasa. Ana cewa Kano sunan wani maƙeri ne da ya zo daga Gaya neman tama, Zariya sunan 'yar Bakwa Turunku ce, Daura kuma daga Daurama. Haka mutanen Rum suka danganta birninsu ga Romulus. Idan asalin suna ya ɓace wa mutane, sukan nemo mutum su rataya masa, domin labarin mutum ya fi daɗin riƙewa a ka.

Akwai kuma wani abin lura. Baushe sunan bishiya ne sananne a Hausa, wadda ke tsirowa a dajin da ke kudu da ƙasar Hausa, masu maganin gargajiya na amfani da saiwarta da ɓawonta. Sa wa wuri sunan itace kuwa tsohuwar al'ada ce: ga Ɗorayi da Giginyu a Kano, ga Rimi a Katsina, ga Kukawa a Borno. Saboda haka wasu ke ganin wurin ne ya ci sunan bishiyar, ko kuma shi kansa maharbin laƙabi aka yi masa da ita.

Ƙasar da ta girmi birni

Matsalar da labarin maharbi da na bishiya suka ci karo da ita ita ce ta lokaci. A 1812, shekara uku kacal da aza harsashin birnin, Muhammadu Bello ɗan Shehu ya kammala littafinsa Infaƙul Maisuri. A sashen da ya siffanta ƙasashen wannan yanki, ya yi amfani da sunan ga wata shimfiɗaɗɗiyar ƙasa a kudu da ƙasar Hausa, mai duwatsu da koguna da al'ummomi masu harsuna daban-daban. Da wuya a ce sunan garin da ko ganuwarsa ba ta gama bushewa ba ya mamaye wannan yanki duka cikin shekara uku. Abin da ya fi kusa da hankali shi ne sunan yankin ya riga birnin, birnin ya gaje shi.

Masanin tarihi Mahdi Adamu ya bi diddigin wannan a littafinsa na 1978 kan tasirin Hausawa a tarihin Afirka ta Yamma. Ya nuna cewa Hausawan da suna cewa “ƙasashen Bauchi” su nufi yankin da ya shimfiɗu daga kudancin ƙasar Hausa zuwa kwarin kogin Kwara da na Binuwai, inda fatake da maharba da maƙera da malamai suka yi ta kwarara shekaru aru-aru kafin jihadi. Idan aka bi wannan tsohuwar ma'ana, ƙasar Gbagyi da aka gina Abuja a kanta tana ciki. Ma'aikacin da ke zaune a Garki ko Wuse yana ganin Bauchi tafiyar yini ce a mota, a lissafin kakannin Kanawa da Katsinawa a cikin Bauchi yake kwana yake tashi.

Wata shaidar tana jihar Neja. A ƙaramar hukumar Rafi akwai al'ummar da ake kira Bauchi ko Baushi, masu magana da harsunan da masana suka sa a rukunin Kainji. Tsakaninsu da birnin Yakubu akwai ɗaruruwan kilomita, harshensu ba ya cikin dangin na Gerawa, kuma ba su taɓa zama ƙarƙashin Sarkin Bauchi ba. Sunan ya same su ne ta hanyar da ya sami sauran yankin: maƙwabtansu na arewa ne suka kira su da shi.

To me ya sa Hausawa suka kira kudancinsu da wannan suna? A nan ne amsa ta uku ta shigo. Marubutan Turawa na farkon ƙarni na 20 sun yi ta nanata cewa Bauchi na nufin ƙasar bayi, daga kalmar bawa ko bauta, domin daga yankin ne ake kamo mutane a kai kasuwannin arewa. Ko wannan fassara ta inganta ko ba ta inganta ba, abin da ta dogara da shi ya faru. Masarautar Bauchi ta yi yaƙe-yaƙe da mazauna duwatsu a tsawon ƙarni na 19, kuma bayi na cikin gaisuwar da take aikewa Sakkwato. Wasu al'ummomin sun ƙulla amana suna biyan haraji a bar su lafiya, wasu sun haye duwatsu sun ƙi miƙa wuya. A Ningi, inda Malam Hamza da mabiyansa suka fake bayan barowarsu ƙasar Kano a shekarun 1840, aka kafa mulkin da ya riƙa kai hari kan Bauchi da Kano da Zazzau yana kwasar nasa bayin. Sai a 1901 Lugga ya yi shelar cewa duk ɗan da aka haifa daga watan Afrilun shekarar ɗa ne, kuma ba a kammala soke bauta a dokar Arewa ba sai 1936.

Abin da nahawu ya ce

Tunda tarihin baka da rubutattun littattafai ba su raba gardamar ba, saura a tambayi harshen kansa. Hausa tana da wata ƙa'ida wadda kowane mai magana da ita yake bi ko bai taɓa jin sunanta ba. Idan harafin t ya zo gaban i ko e yakan koma c, shi ya sa ake cewa mota da motoci, sata da sace. Haka s yakan koma sh, kamar ƙasa da ƙasashe, Hausa da Bahaushe.

Masu ra'ayin bauta suna da hujja a nan. A ƙa'idar rubutun Hausa, Bauci ake rubutawa, da c. Hausa kuma tana da ɗafin -ci mai nuna hali ko matsayi, kamar jahili da jahilci, kafiri da kafirci. Idan bawa ya ba da bauta, ba abin da zai hana ya ba da bauci. Ginin kalmar bai saɓa wa komai ba.

Masu ra'ayin Baushe su ma ba su fito hannu rabbana ba. Karin harshen Kano Kananci ne, na Katsina Katsinanci, na Sakkwato Sakkwatanci. Mutumin Sakkwato Basakkwace ne, amma da aka zo sunan karin harshensa sai c ta koma t ɗinta na asali. Da saiwar Bauchi tana ɗauke da t irin na bauta, da Bautanci za a ce. Amma sunan da malaman Hausa suka sani shi ne Bausanci, da s, kamar yadda Bahaushe ya fito daga Hausa. Wannan na nuni da cewa tsohon lafazin yana iya zama Baushi, wanda ya fi kusa da sunan maharbin, da na bishiyar, da na mutanen Rafi. Mai ja yana iya cewa an ƙirƙiri Bausanci ne bisa kwaikwayon kalmar Hausa, ko don a kauce wa lafazi mai muni. Duk da haka hujja ce da ba za a ture ta da ƙafa ba.

Rubutun Larabci da ake sa ran ya yanke hukunci bai yanke ba. Larabci ba shi da harafin da ke wakiltar sautin c, don haka dole marubuci ya ari harafi mafi kusa. Wanda ya ga sunan a tsohon littafi da harafin shinun ba zai iya rantsewa kan yadda marubucin yake furta shi ba. Abin da za a iya tsayawa a kai shi ne lafazi biyu sun daɗe suna tafiya kafaɗa da kafaɗa, kuma kamannin ɗayansu da kalmar bauta ya isa ya sa mutane su haɗa su, musamman a zamanin da kamun bayi ke gudana a gaban idonsu. Sau da yawa abin da ke faruwa a ƙasa ne ke cusa wa tsohuwar kalma sabuwar ma'ana.

A bakin baƙi

Turawan farko da suka ji labarin birnin ba su ma kira shi Bauchi ba. A taswirorinsu Yakoba ko Jacoba suka rubuta, wato garin Yakubu, suka bar ɗaya sunan ga ƙasar da ke kewaye. Hugh Clapperton, wanda ya gana da Sarkin Musulmi Bello a Sakkwato a 1824, ya tafi Ingila da wani yanki na bayanin ƙasashe daga littafin Bello, aka buga fassararsa a 1826. Bajamushe Eduard Vogel ya shiga birnin a 1855, ɗan ƙasarsu Gerhard Rohlfs ya biyo baya a 1867. Kowa ya rubuta sunan da haruffan harshensa: Jamusawa suka sa tsch, Ingilishi suka sa ch. Da Turawan Ingila suka ci garin a 1902 suka tuɓe Sarki Umaru, rubutunsu ne ya shiga takardun gwamnati. Shi ya sa har yau jaridun Hausa ke rubuta Bauchi alhali ƙa'idar harshen ta ce Bauci, kamar yadda Sokoto ta zauna a takarda, Sakkwato ta zauna a baki.

Lardin Bauchi da Turawa suka yanka ya haɗa har da tsaunukan Jos, waɗanda a lokacin ake kira tsaunukan Bauchi. Da aka gano yawan kuzar da ke wurin, sai kalmar ta sami wata ma'anar a Landan. Ga masu sayen hannun jari a shekarun 1910, Bauchi na nufin kuza da riba, har wani kamfanin haƙar ma'adinai ya sa ta a cikin sunansa. Wannan ne asalin sunan jirgin da bai je Bauchi ba. A 1926 aka cire yankin aka kafa Lardin Filato, sunan ya tsuke. Ya shige cikin Jihar Arewa maso Gabas a 1967, ya sake fitowa a matsayin jiha ranar 3 ga Fabrairun 1976, ya ƙara tsukewa ranar 1 ga Oktoban 1996 da aka cire Gombe. Kalmar da ta taɓa rufe rabin tsakiyar Najeriya yanzu tana nufin ƙananan hukumomi 20, ko masarauta guda, ko birni guda, gwargwadon mai magana.

Akwai wani fagen da kalmar ta yi suna ba tare da yawancin masu ita sun sani ba. Masu nazarin harsuna a jami'o'in duniya sun raba wani reshe na harsunan Chadi, dangin da Hausa ke ciki, zuwa rukunin Bauchi ta Arewa da na Bauchi ta Kudu. Na farko ya ƙunshi irin su Warji da Miya da Pa'a, na biyu ya ƙunshi Zaar da Geji da Polchi da wasunsu. Ga ɗalibi a Faransa ko Japan, Bauchi na nufin ɗaya daga cikin wuraren da harsuna suka fi cunkoso a Afirka. Da yawa daga cikin waɗannan harsuna suna ja da baya a gaban Hausa. Harshen Ajawa ya riga ya ɓace tun ƙarnin da ya wuce, na Gerawa, harshen kakannin wanda ya kafa birnin, masu jin sa sai raguwa suke yi. Amma sun bar tambarinsu a Hausar wurin. Ana danganta yadda Bausanci ke sassauta bambancin jinsi, a ce motan Audu maimakon motar Audu, da cewa Hausa ta zo ta tarar da masu wasu harsunan ne suka ɗauke ta.

Ba Bauchi kaɗai ba

Haɗuwar sunan al'umma da kalmar bauta abu ne da ya faru a wurare da dama. Kalmar da Ingilishi da Faransanci da Jamusanci ke amfani da ita ga bawa ta fito ne daga sunan al'ummar Slav ta gabashin Turai, kakannin Rashawa da mutanen Poland da Sabiya, saboda yawan kama su da aka yi ana sayarwa fiye da shekara 1,000 da suka wuce. Larabawan Andalus sun san su da Saƙaliba. Su kuwa masu sunan, da yawa daga masanansu na danganta shi da kalmarsu mai nufin magana, wato mutanen da ake gane zancensu. Suna ɗaya, a gida yana nufin masu magana, a waje yana nufin abin sayarwa. Gaisuwar nan ta Italiyawa, ciao, wadda ta zagaye duniya, gutsuren jimla ce mai nufin “ni bawanka ne”.

Sunan Wales a Birtaniya ya fi kama da na Bauchi. Ya fito daga wata tsohuwar kalmar Ingilishi da ke nufin baƙo, wadda daga baya ta ɗauki ma'anar bawa, domin maƙwabtan da ake kira baƙi su ne ake kamawa. Mutanen wurin suna kiran ƙasarsu Cymru a harshensu, suna kuma buga ƙwallo da sunan Wales ba tare da wani ya ji kunya ba.

Ita kanta kalmar bauta a Hausa ba fuska ɗaya gare ta ba. Wanda aka ce masa bawan Allah yabonsa aka yi. Bauta ita ce ibada, kamar yadda Larabci ya fitar da ibada da Abdullahi daga saiwar da ta ba da sunan bawa. Sarkin Gobir da ya fi kowa kwarjini Bawa Jan Gwarzo ne sunansa. Tun da aka kafa shirin yi wa ƙasa hidima a 1973, Hausawa ke kiran matasan da ke sanye da kakinsa masu bautar ƙasa, kuma babu iyayen da ke ɓoye hoton ɗansu a cikin wannan kaki. Hatta laƙabin da ma'aikacin gwamnati ke amsawa da Ingilishi, civil servant, jikan kalmar Latin ce servus, wadda ma'anarta bawa. Babban sakatare da masinja duk a ƙarƙashinta suke karɓar albashi.

Inda gizo ke saƙa

Hausawa na cewa suna linzami ne. A tsakiyar Najeriya an ga gaskiyar wannan a 'yan shekarun nan, inda al'umma bayan al'umma ta ajiye sunan da maƙwabta suka sa mata ta ɗauko nata. Kaje sun koma Bajju, Katab sun koma Atyap, Jaba sun koma Ham, Angas sun koma Ngas, Sura sun koma Mwaghavul, Gwari sun tsaya a kan Gbagyi. A Bauchi, waɗanda aka sani da Sayawa sun fi son a ce Zaar. Duk waɗannan mazauna tsoffin ƙasashen Bauchi ne, kuma abin da suke faɗa ɗaya ne: wanda ya raɗa maka suna daga waje yakan haɗa da yadda yake kallonka.

Garin Tafawa Ɓalewa ya nuna yadda gardamar asalin kalma ke iya zama ta rai da mutuwa. Masu danganta garin da Fulani na cewa sunan ya fito daga kalmomin Fulatanci biyu masu nufin baƙin dutse. Zaar na cewa sunansa na asali Puji, wanda a harshensu shi ma baƙin dutse yake nufi. Dutse ɗaya ɓangarorin biyu suke kallo, amma harshen da aka fara kiransa da shi ya zama hujjar wanda ya riga zama, wanda ya riga zama kuma shi ke neman sarauta da iko da ƙasa. Rikicin da ya tashi a garin a watan Afrilun 1991 ya bazu har cikin birnin Bauchi, aka yi asarar rayuka masu yawa. Kwamitin Mai shari'a Babalakin ya zauna a kai, amma wutar ta sake tashi a 1995 da 2001 da 2011.

Wannan ne ya sa batun ya shafi masu aiki a ofisoshin tarayya kai tsaye. Sashe na 14(3) na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya wajabta a raba muƙamai ta yadda kowane yanki zai ga kansa a gwamnati, kuma tun 1996 akwai hukumar da ke sa ido a kan haka. Takardar shaidar asali ta zama mabuɗin aiki da gurbin karatu. A irin wannan tsari, labarin da hukuma ta zaɓa ta bayar game da sunan wuri yana da nauyi. Hadimin da ke rubuta wa minista jawabin da zai karanta a fadar Bauchi, ko jami'in da ke tsara ƙasidar jawo masu zuba jari, yakan buɗe da jimla ɗaya kan ma'anar sunan. Idan ya ce maharbi ne kawai, ya share ƙarnonin da yankin ya yi da sunansa kafin 1809, ya kuma share abin da kakannin wasu masu sauraronsa suka gani. Idan ya ce ƙasar bayi ce kawai, ya maimaita hukuncin da Turawa suka yanke a kan hujjar da ba ta cika ba, ya kuma manna wa miliyoyin mutane tambarin da ba su zaɓa ba. Abin da shaidu suka ba shi damar faɗa shi ne: sunan tsoho ne, na yanki ne kafin ya zama na birni, al'adar masarauta ta danganta shi ga Baushe, wasu kuma sun danganta shi da bauta saboda abin da ya gudana a yankin.

Ɗan Bauchin da ya fi kowa shahara bai ji tsoron wannan tarihi ba. Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda aka haifa a 1912, yana matashin malamin makaranta ya rubuta Shaihu Umar, aka buga shi a 1934, shekara biyu kafin a kammala soke bauta a doka. Labarin yaro ne da aka sace, ya faɗa hannun masu fataucin bayi, aka ƙetara Sahara da shi, mahaifiyarsa ta bi sawunsa ita ma ta faɗa cikin bauta. Marubucin ya zaunar da jarumin nasa a Rauta, kusa da Bauchi, yana malami mai almajirai, yana ba su labarin da bakinsa. Wanda ya rubuta wannan shi ne ya zama Firayim Ministan Najeriya na farko, kuma kabarinsa na cikin birnin, inda ɗalibai ke zuwa ziyara daga sassan ƙasar nan.

A garin ne kuma Sa'adu Zungur da Malam Aminu Kano da shi Abubakar ɗin suka riƙa zaman muhawara a shekarun 1940, zaman da ake lissafawa cikin tushen siyasar zamani a Arewa. Lambar motocin jihar a yau tana kiranta lu'ulu'un yawon buɗe ido, saboda Yankari da ruwan ɗumin Wikki. Waɗannan ma'anoni ba a cikin saiwar kalmar suke ba, mutanen da suka zauna a ƙarƙashinta ne suka ɗora mata su. Kowace shekara kuma motoci na sauke sabbin matasa daga Legas da Inugu da Kalaba a sansanin Wailo da ke ƙaramar hukumar Ganjuwa, riƙe da takardar da ta ce an tura su Bauchi bautar ƙasa.